Daga Ciyawa Zuwa Ƙwarya: Abinci da Lafiyar Saniyar Tatsa

A shekarar 1907, a gonar gwaji ta Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, masana suka ware 'yan karsana goma sha shida, suka kasa su gida huɗu. Gidan farko ba ya cin komai sai abin da ya fito daga alkama, ƙwaya da dusa da kara. Na biyu masara zalla, daga hatsi har ganye. Na uku aka ɗora shi kan wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna ot, na huɗu kuwa aka gauraya masa duka ukun. An auna kowane abinci a ɗakin bincike, an daidaita furotin da ƙarfin da ke cikinsa har suka zo kai ɗaya. Bisa ilimin wancan zamani, babu dalilin da zai sa wata saniya ta fi wata.

Sai da haihuwa ta zo aka ga bambanci. Shanun masara suna sheƙi, maruƙansu suka faɗo da ƙarfi, suka miƙe suka kama nono. Na alkama kuwa gashinsu ya yi buzu-buzu, haihuwa ta zo musu kafin lokaci, wasu maruƙan suka zo a mace, sauran ba su jima ba suka bi su, madarar iyayen ma ba ta taka kara ta karya ba. Stephen Babcock ne ya daɗe yana neman a yi gwajin, Edwin Hart ya jagorance shi, aka fitar da rahoto a 1911. Wani matashin masani da aka ɗauka aikin auna abincin shanun, Elmer McCollum, ya koma gwaji da ɓeraye saboda sun fi saurin girma. A 1913 shi da Marguerite Davis suka gano cewa a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai akwai wani sinadari da jiki ba ya girma sai da shi, wanda daga baya aka sa wa suna bitamin A. Saniya tana samun tushensa daga ɗanyen ganye, shi ya sa idan rani ya yi tsawo, ciyawa ta bushe ƙayau, ake ganin dundumi da ɓari da raunanan maruƙa a garke.

Tun daga nan aka shafe sama da shekara ɗari ana bin diddigin abin da ke faruwa tsakanin bakin saniya da hantsarta.

Masu aiki a tumbi

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Mafi girmansu tumbi, wanda ya cika gefen hagu, kuma a babbar saniya yakan ɗauki lita 100 zuwa 150, har fiye. Saniya da kanta ba ta da sinadarin da zai narkar da zaren ciyawa. Masu wannan aiki su ne ƙananan halittun da ke zaune a tumbin, waɗanda ido ba ya gani: a mililita ɗaya na ruwan tumbi akwai bakteriya kimanin biliyan goma. Iska tana kashe mafi yawansu, shi ya sa aka daɗe ba a iya nazarinsu sosai ba, sai da Robert Hungate ya ƙirƙiro hanyar rainonsu a rufaffiyar kwalba. Littafin da ya rubuta a kansu a 1966 har yau ana komawa gare shi.

A gonakin bincike akan ga saniyar da aka yi wa tiyata aka buɗe mata ƙofa a kwiɓin hagu, aka sa murfin roba. Tana kiwo, tana tuƙa, tana haihuwa, babu abin da ya dame ta. Mai bincike yakan cire murfin, ɗumi da tsamin wari su bugo shi, ya zura hannu har kafaɗa. A sama akwai gas, a tsakiya dunƙulen ciyawar da aka ci yau, a ƙasa ruwa mai kauri. Sai ya ɗaure 'yan buhunan nailan da aka zuba wa harawa ko dusa ko kara, ya jefa ciki. Ya ciro wani bayan awa 6, wani bayan 24, wani bayan 48, ya wanke, ya busar, ya ɗora a sikeli. Abin da ya ɓace daga buhun shi ne abin da ya narke. Ta haka ake sanin darajar abinci a cikin saniya, bayan an san ta a takarda.

Halittun nan suna ruɓar da abinci su mai da shi tsami iri uku, wanda ke ratsa bangon tumbi ya shiga jini, kuma daga nan saniya ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinta. Biyu daga ciki ya kamata ɗalibi ya riƙe. Asetik ya fi fitowa daga ciyawa da kara, da shi hantsa ke ƙera kitsen madara, wato man da ke tasowa in an kaɗa nono. Furofiyonik ya fi fitowa daga hatsi da dusa, hanta ce ke mai da shi sukarin jini, hantsa kuma ta mai da wannan sukarin madara, wanda shi ke jawo ruwa ya cika ta. Saboda haka in aka ƙara hatsi madara takan ƙaru, amma in aka rage ciyawa fiye da kima sai mai ya yi ƙasa. Mai kaɗa nono takan riga kowa lura.

Tuƙa ma aiki ce, babba kuwa. Lafiyayyiyar saniya takan yi awa bakwai zuwa takwas a rana tana tuƙa, tana haɗiye yawun da ya wuce lita 100, kuma a yawun akwai sinadarin da ke kashe kaifin tsami. Ran da ta faɗa wa tarin masara a masussuka, ko mai ita ya cika mata kwano da tsaki alhali ba ta saba ba, tsami yakan taru fiye da ƙarfin yawu. Masu narkar da ciyawa su mutu, tuƙa ta tsaya, zawo ya ɓarke, bayan makonni kofato ya kama ciwo. In abin ya yi tsanani saniyar ba ta kai labari. Duk sabon abinci da kaɗan-kaɗan ake shigo da shi, cikin mako biyu zuwa uku, domin halittun tumbi su samu su sauya.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne waɗannan halittu suna iya ƙera furotin daga abin da ba furotin ba. Artturi Virtanen na ƙasar Finlan, wanda ya samu kyautar Nobel a 1945 saboda hanyarsa ta adana ɗanyar ciyawa, ya wallafa sakamakon wani gwaji a 1966. Ya ciyar da shanu sitaci da sukari da zaren tsiro da ma'adinai da bitamin, babu furotin ko kaɗan, sai yuriya da gishirin amoniya. Suka rayu, suka haihu, suka ba da madara mai cikakken furotin. Halittun tumbi ne ke gina jikinsu da yuriyar, su gangara ɗakin ƙarshe na ciki, saniya ta narkar da su.

Cikin ya cika, saniya na ramewa

Nan ne binciken ya taɓo makiyayin Arewa kai tsaye. Masana sun nuna cewa idan furotin ɗin ciyawa ya gaza kusan kashi 7 cikin ɗari, halittun tumbi sukan yi sanyi. Gamba da kyasuwa a farkon damina sun wuce wannan. Amma zuwa watan Fabrairu da Maris, busasshiyar ciyawa da karan dawa sukan sauka zuwa kashi 3 ko 4, har ƙasa. Kara ya shiga tumbi ya zauna, ba ya narkewa da wuri, babu gurbin zuba wani. Sai a ga saniya da ciki himili guda, haƙarƙarinta kuwa ana iya ƙirgawa daga nesa.

Maganin ba ya bukatar buhu-buhu. Damin harawar wake ko ta gyaɗa da yamma, ko kilo ɗaya zuwa biyu na dusar angurya, ko 'ya'yan gawo da ke zubowa a tsakiyar rani, ya isa ya farfaɗo da halittun, su narkar da karan, saniya ta ƙara cin wani. Amfanin harawa ke nan ninki biyu: abin da ke cikinta, da abin da take sa a samu daga kara. Ana kuma jiƙa tattakar shinkafa ko yankakken kara da ruwan yuriya, kilo 4 ga kilo 100 na kara, a danne a rufe da leda har mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Sai dai yuriya ba abin wasa ba ce. In saniya ta lashi tsuranta ko ta sha ruwan da ta narke a ciki, cikin ƙanƙanen lokaci za ta fara rawar jiki ta faɗi. Maraƙin da tumbinsa bai soma aiki ba kuwa ba a kusantar da shi da ita sam.

A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, ta gwada wata dabara da Fulani mazauna yankin Kachia a jihar Kaduna. Akan killace fili kimanin hekta huɗu kusa da ruga, a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a bar ta har rani, sannan a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su yi awa biyu ko uku a ciki kowace rana. Dabarar ta yi amfani inda aka riƙe ta. Abin da ya hana ta bazuwa shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da rashin tabbacin fili, domin ba wanda zai shinge gonar da gobe za a ce ya tashi. Wannan matsala ba a ɗakin bincike za a warware ta ba, kuma abin takaici ne ganin har yanzu tana nan.

Mako uku kafin haihuwa, mako uku bayanta

A 1950 saniyar Amurka takan ba da kimanin kilo 2,400 na madara a shekara. Yau ta haura kilo 10,000. Zaɓen iri da ingancin abinci ne suka kawo haka, kuma su ne suka fito da wata matsala fili, har ta zama inda binciken zamani ya fi mai da hankali: makonni shida da ke kewaye da ranar haihuwa. Ƙididdiga ta nuna kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan shanun tatsa a watan farko bayan haihuwa suke aukuwa. A 1999 James Drackley na Jami'ar Illinois ya rubuta wata maƙala da ta ja hankalin masana a kan cewa wannan ɗan lokaci ne aka fi jahilta a rayuwar saniya, alhali shi ne ke yanke yadda shekararta za ta kasance.

Ga lissafin. Kafin a samu lita ɗaya ta madara sai jini lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsa, kuma sai an kashe sukarin jini kimanin giram 70. Saniyar Turai irin Holstein mai ba da lita 40 a rana tana bukatar sukari kusan kilo uku kullum, kuma kusan dukkansa hantarta ce za ta ƙera, tunda halittun tumbi sun riga sun cinye na abinci. Alan Bell ya lissafa a 1995 cewa kwana huɗu bayan haihuwa, sukarin da hantsa ke sha ya kusa ninka sau uku abin da mahaifa ke sha a ƙarshen ciki. A daidai wannan lokaci kuma cin abinci ke ja da baya: a makonnin ƙarshe na ciki yakan ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Madara takan kai ƙololuwa a mako na huɗu zuwa na takwas, ci kuwa sai wajen mako na goma ko fiye yake cim mata.

To, wa ke cike giɓin? Jikin saniyar. Dale Bauman da Bruce Currie sun bayyana a 1980 cewa da zarar an haihu, sinadaran jiki sukan sauya tsari gaba ɗaya domin a fifita hantsa a kan kowace gaɓa. Tsoka ta rage shan sukari, kitse ya soma narkewa. Kitsen da ke bayanta da tozonta kamar rumbu ne da aka cika da kaka domin a ci da bazara, kuma buɗe shi ba laifi ba ne, don haka aka halicce shi. Laifin yana wajen ɗiba da gaggawa. Narkakken kitse hanta yake nufa, hantar saniya kuwa ba ta da saurin fitar da shi. Wani ta ƙone shi, wani ya taru a cikinta har ta yi rawaya ta kumbura, wani kuma ta mai da shi sinadaran da ake kira kiton, su cika jini. Wannan shi ne ciwon kitosis.

Alamominsa ba su da hayaniya. Saniya ta shinshina dusa ta kau da kai, amma ta ɗan tsinci ciyawa. Kashinta ya bushe, madara ta ragu, jiki ya zube cikin kwanaki. Mai kaifin hanci zai ji warin asiton a numfashinta, sinadarin da ake goge jan farce da shi. Mafi yawan masu ciwon ma ba sa nuna komai. A wani bincike da Jessica McArt da abokan aikinta suka wallafa a 2012, an riƙa ɗiban ɗigon jini daga shanu sama da 1,700 a manyan gonaki huɗu na jihohin New York da Wisconsin, ana aunawa da 'yar na'ura irin ta masu ciwon sukari. Kashi 43 cikin ɗari sun haura ma'aunin ciwon, kuma rana ta biyar bayan haihuwa ce ya fi kamawa. Irin waɗannan shanu sun fi saurin gocewar ɗakin ƙarshe na ciki, sun fi barin garke da wuri. Akan ba su wani ruwa mai suna furofilin gilaikol ta baki na 'yan kwanaki, hanta ta mai da shi sukari.

Wani sakamako da ya saɓa wa zaton mutane shi ne saniyar da ta fi ƙiba a ranar haihuwa ita ta fi shiga haɗari. Cinta ya fi raguwa, kitsenta ya fi narkewa. Gwaje-gwajen Illinois sun nuna shanun da aka riƙa gauraya wa tattaka a lokacin hutun tatsa, suka ci suka ƙoshi ba tare da sun tara kitse ba, sun fi waɗanda aka shagwaɓa lafiyar hanta. Shi ya sa aka fito da awon jiki da ido da hannu. A shanun Turai ana ba da maki daga 1 zuwa 5, ana so saniya ta haihu tana kan 3 ko sama da haka kaɗan. Ga shanu masu tozo, ILCA ta fitar da ma'auni mai hawa 9 a 1986. Ana shafa haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙugu, da gindin wutsiya. In ƙasusuwan sun yi tsini suna sukar tafin hannu, rama ta yi yawa. In an danna ba a ji su ba, ƙiba ta wuce wuri.

Yunwar waɗannan makonni ba ta tsayawa a hanta. Garkuwar jiki takan yi rauni, mabiyiya ta maƙale, mahaifa ta yi ruwa, hantsa ta kumbura. Kuma muddin saniya na cin jikinta, ba za ta nemi sa da wuri ba.

Saniyar da ta kasa tashi

A duk jinin babbar saniya, kalsiyam ɗin da ke yawo bai wuce giram uku ko huɗu ba. Lita goma ta daƙashi kuwa tana ɗauke da sama da giram ashirin. In ƙashi da hanji ba su yi maza sun cike gurbin ba, tsoka takan daina amsawa. Saniyar da ta haihu jiya ta soma tangaɗi, ta kwanta, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a kwiɓi. Kunnuwanta su yi sanyi, hancinta ya bushe, kashi da fitsari su tsaya. Likitocin dabbobi suna kiransa zazzaɓin madara, ya fi kama shanun da suka yi haihuwa uku zuwa sama, kuma irin Jersey sun fi saurin kamuwa.

Tarihin maganinsa yana da daɗin ji. A 1897 wani likitan dabbobi a garin Kolding na ƙasar Denmak, mai suna Schmidt, yana zaton ƙwayar cuta ce a hantsa, sai ya riƙa ɗura magani ta kan nono, shanu suka riƙa tashi. Daga baya aka gane iska kawai ma in an hura ta isa, domin tana tsayar da zubar madara, kalsiyam ya zauna a jini. Sai a 1925 Dryerre da Greig a Edinbara suka danganta ciwon da ƙarancin kalsiyam, kuma zuwa shekarun 1930 allurarsa ta jijiya ta zama magani. Saniyar da aka fid da rai da ita takan yi gyatsa, ta yi kashi, ta miƙe cikin awa ɗaya ko biyu. Aikin likita ne, domin in aka tura ruwan da sauri zuciya takan tsaya. Kafin ya iso, a tallafe ta ta zauna kan ƙirji, kada kuma a ɗura mata komai ta baki, don maƙogwaronta ba ya aiki, ruwan huhu zai wuce.

Rigakafin daga Norwe ya fito. Ender da Dishington sun lura cewa shanun da ke cin ciyawar da aka adana da ruwan tsami, irin hanyar Virtanen, ba su cika kamuwa ba. Elliot Block a Kanada ya tabbatar da haka a 1984, Goff da Horst a Amurka kuma suka nuna a 1997 cewa yawan fotashiyam da sodiyam a abincin mai tsohon ciki shi ke rage tsamin jini, ƙashi ya ƙi sakin kalsiyam. Wannan yana da ma'ana ga mai kiwon shanun madara a Kano ko Jos. Kanwa sodiyam ce mai kashe tsami. Tana da amfani ga saniyar da ke tsakiyar tatsa tana cin dusa da yawa, amma ga mai yawan madara da ta rage mako uku ta haihu, hankali ya nuna a janye mata ita. A shanun ruga, masu ɗan nono kaɗan, ba kasafai ake ganin wannan ciwo ba.

Abin da aka fi gani a ruga shi ne saniya na gwaguyar tsohon ƙashi, ko lasar ƙasa, ko haɗiyar leda da tsumma. Arnold Theiler ya warware sirrin wannan a Afirka ta Kudu wajen 1919, a wata gona mai suna Armoedsvlakte, inda shanu ke shanyewa suna mutuwa. Ya gano ƙasar wurin ba ta da fosfaras, ƙarancinsa ke tura shanu cin ƙasusuwan mushe, a ƙasusuwan kuma akwai gubar wata ƙwayar cuta. Da aka soma ba su tsabtataccen garin ƙashi, cin mushe ya ragu, suka ƙara girma da haihuwa. Ƙasar Sahel ma talaka ce a fosfaras. Makiyayan Nijar da ke kora dabbobi In-Gall a ƙarshen damina domin su lashi ƙasa mai gishiri sun daɗe da sanin darajar ma'adinai, sai dai gishiri da kanwa ba sa maye gurbin fosfaras. Shi a dusa da angurya da gishirin lasa na musamman ake samunsa.

Bunaji da 'yar Turai

Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta faro a matsayin gonar dabbobi a 1928, ta daɗe tana haɗa Bunaji da irin Turai mai suna Friesian, haka ma a Vom. A Nijar tashar Toukounous ta shahara da zaɓen shanun Azawak. Darasin da ya fito daga irin waɗannan wurare shi ne jinin waje yana ƙara madara, amma yana zuwa da sharaɗi.

Bunaji da Rahaji da Gudali su ma suna shiga giɓin da aka bayyana a sama, sai dai nasu rani ke kawo shi. In abinci ya yanke, Bunaji takan rage nono, ta dakatar da neman sa, ta tsira da ranta. Farashin da ake biya shi ne lita ɗaya ko biyu a ƙwarya, da haihuwa kusan sau ɗaya a shekara biyu. 'Yar Turai ba ta da wannan dabara, an zaɓi iyayenta ne a kan su ci gaba da zuba madara ko da jiki na ƙarewa. Wanda ya sayo ta bai tanadi harawa da dusa da inuwa ba ya zalunce ta, kuma ya zalunci aljihunsa. Zafi kaɗai yana cin madara: gwajin da aka yi a Jami'ar Arizona ya nuna raguwar ci ba ta bayyana fiye da rabin asarar ba, sauran daga sauyin da zafi ke yi wa sarrafa sukari a jiki yake. Ruwa kuwa, kashi 87 cikin ɗari na madara shi ne, kuma mai yawan madara takan sha sama da lita 100 a ranar zafi. Kai ta rafi sau ɗaya a yini ba zai ishe ta ba.

Abu biyu sun shafi lafiyar gida. Ƙulin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke ratsa saniya ta fito a madarar da yara za su sha, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Maraƙi kuma ana haihuwarsa ba shi da garkuwa, daga daƙashi yake samunta, hanjinsa kuwa a awanni shida na farko ya fi karɓarta, bayan yini guda ƙofar ta rufe.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu uku-uku, kowane rukuni ya nemi izinin mai garke a unguwa ko ruga mafi kusa, ya zaɓi saniya ɗaya da ta kusa haihuwa. A shafa haƙarƙarinta da gindin wutsiyarta, a ba ta maki daga 1 zuwa 9 in mai tozo ce, ko daga 1 zuwa 5 in 'yar Turai ce, a rubuta abin da take ci da sau nawa take shan ruwa. A koma mako biyu bayan ta haihu a sake awo, a tambayi mai tatsa yawan abin da take samu safe da yamma. Da tsakar rana, lokacin da garke ke kwance, a ƙirga shanu nawa ke tuƙa cikin kowane goma. Masana suna so a samu kusan rabi ko fiye. Kowane rukuni ya zo aji da farashin damin harawa da na buhun dusa a kasuwarsu, da kaka da kuma bazara, domin a lissafa tare nawa ne kuɗin ciyar da wannan saniya daga mako uku kafin haihuwa zuwa mako uku bayanta.